Sawu a Jikin Karan Dawa

Ranar Juma'a, mazan Rafin Kanya ba su ko kai ga tuɓe manyan riguna ba suka ji salatin Malama Sakinatu daga ofishin ƙungiyar manoma. Garin ba shi da masallacin Juma'a, sai an hau babur an bi hanyar Kafur, saboda haka daga sha biyu zuwa ƙarfe uku ba ka samun namiji a gari sai mara lafiya da wanda ba ya salla. A wannan tsakanin ne aka ɓalle kwaɗon ofis aka ɗauke allon kwamfuta.

In an ce allo, kada ka kawo ɗan ƙaramin nan na sakatariyar ƙaramar hukuma. Wannan faɗinsa ya kusa kamu biyu, kwanansa tara kacal a garin, kuma tuni tsofaffi suka raɗa masa suna talabijin ɗin Malama. Sakinatu malamar gona ce da aka turo wa ƙungiya, ita ta je Funtua da ƙafarta ta zaɓo shi.

Aka aika a kira Sabo mai bin sawu, mutumin da ya taɓa bin saniyar sata tun daga bakin rafi har kasuwar Musawa ya dawo da ita. Da ya iso ya ga ƙofar ofis sai ransa ya ɓaci. Mutanenmu, Allah ya shirye su, in aka yi sata kowa sai ya zo ya taka wurin da ƙafarsa kafin ya yarda an yi. Sawun takalmi ya fi ɗari a wurin, har da kofaton akuya.

"Ku ja da baya, don Allah," in ji shi. "Ko ɓarawon ne ya ɗauke ku haya ku share masa hanya?"

Ba wanda ya yi dariya, don an riga an fara tambayar da ta fi sauƙi: wa bai je masallaci ba? Kafin a ce kwabo suna ɗaya ya zagaye taron. Ɗanladi, Bamagujen da gidansu ya riga garin kafuwa, an gan shi da hantsi ya wuce ta gaban ofis da fartanya a kafaɗa. Ba a tsaya nan ba, wani ya tuna ranar Alhamis shi ne a sahun gaba yana ƙura wa allon ido kamar zai haɗiye shi. Matasa suka fara zancen cinna wa rumbunansa wuta.

Dagaci ya sa aka shigar da Ɗanladi zaurensa aka rufe, rabi tsarewa, rabi ceto. Sannan ya dubi Sabo.

"Na ba ka zuwa hantsin Lahadi. In ba ka kawo min wani ba, zan miƙa shi ga 'yan sanda, kuma ba na jin zan iya tsare masa gida."

"Ranka ya daɗe, Allah ya sa mu dace."

*

Sabo ya fara da Malama Sakinatu. Tana zaune a ofis, idanu sun yi ja, tana kallon tebur inda gindin allon ya bar shaida a kan ƙura.

"Malama, me ya sa kika sayo ƙato haka? Ai shi ya jawo ido."

"Malam Sabo, ba don ado na sayo shi ba. Aikina in auna gonar kowa kafin rabon iri. Ina da hotunan gonaki da aka ɗauka daga sama, na shekara goma da suka wuce da na bana. A ƙaramin allo sai na rufe wannan na buɗe wancan, tsofaffi kuma ba sa ganin komai sai kore. A faffaɗan nan kuwa sai in ajiye su gefe da gefe, kowa ya nuna gonarsa da yatsa."

"Kin nuna musu?"

"Ranar Alhamis na nuna gonakin gabas. Gobe Asabar ne za mu yi na yamma. Ka ga murna ranar? Har Baba Almustapha ya taso da sandarsa ya shafa allon, ya ce, 'Yarinya, duk gonakin garin nan suna cikin abin nan?' Na ce duk suna ciki, Baba, har na shekara goma."

Sabo ya yi murmushi, don ya san halin tsohon da tambaya. Ya leƙa ƙarƙashin tebur ya ga wani baƙin akwati da wayoyi na lilo a bayansa.

"Wannan fa?"

"Ita ce kwamfutar. Ba a taɓa ta ba."

Ya zaga bayan ofis, inda gonar dawa ta fara daga jikin katanga. Ƙasar na da laima, irin wadda ko ƙadangare ya wuce sai ya bar labari. Amma babu sawun mutum ko ɗaya. Ya duƙa ya yi ta dubawa har wuyansa ya ƙage, bai samu komai ba, abin ya ɗaure masa kai.

*

A zauren Dagaci, Ɗanladi na zaune a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa. Ya haura sittin, ɗan siriri, gajere, muryarsa kamar ta mai mura.

"Sabo, ni da na yi wasan ƙasa da ubanka, yau ni ne ɓarawo?"

"Ban ce ba, Baba Ɗanladi. Ina ka je da hantsi?"

"Gona. Ina kake so in je, masallaci?" Ya ɗago kai. "Ka ji ni da kyau. Duk garin nan babu mai jiran Asabar kamar ni. Shekara shida nake cewa gonata ta yamma tana ramewa, ana min dariya, ana cewa burkutu ne ke ƙirga min kunyoyi. Ga abin da zai nuna gaskiya ya zo, sai in sace shi? Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi."

Sabo ya san wannan tsohon ƙorafi. An taɓa zama a kansa, dattawa suka ce babu komai, aka watse. Ba zancen da yake son ji ba ne, sai ya miƙe ya yi sallama.

Duk lokacin da sawu ya ɓace masa, wuri ɗaya yake zuwa. Baba Almustapha ƙanen mahaifinsa ne, shi ya riƙe shi tun yana maraya, shi ya koya masa bambanta sawun mai gudu da na mai ɗauke da kaya. Dogon mutum ne, har yanzu sai ya sunkuya yake shiga zaure, sai dai gwiwarsa ta hagu ta lalace tun wata faɗuwa da ya yi a kan babur. Saboda ita ya daina zuwa Juma'a, kuma ba wanda ya taɓa sa shi a lissafin waɗanda ba su je ba, don wa zai ƙirga Baba Almustapha? Sabo ya same shi yana shafa wa gwiwar man zafi.

"Baba, ƙasa ta ƙi magana."

"Ƙasa ba ta ƙin magana, sai dai kunne ya toshe. Me na koya maka? Ido a ƙasa." Ya gyara ƙafa yana cije baki. "Jiya ma da ƙyar na leƙa gonata ta yamma, ƙafar nan ta hana ni sakat. Amma in ka bi ta tawa, ka bar Bamagujen nan, me zai yi da talabijin? Ka leƙa gidan kallon ƙwallo. Na ji mai gidan yana yaba abin nan kamar amarya."

Sabo ya ji daɗi har cikin ransa da tsohon bai bi 'yan gari wajen zargin Ɗanladi ba. Ya yi godiya ya tafi.

*

Da safiyar Asabar ya je wurin Zaharaddeen mai gidan kallo, magidanci mai tumbi da bakin magana, wanda shi ya raka Malama Funtua. Ya same shi yana gyaran janareta.

"To, an zo kaina ke nan," in ji Zaharaddeen. "Ni a sahu na biyu na yi Juma'a, kafaɗata a jikin ta ladan. Je ka tambaye shi."

"An ce ka yaba allon."

"Na yaba mana! Shago huɗu muka shiga a Funtua. Wani ya kawo mana talabijin, na ce a'a, a zauna kusa da wannan a yi karatu ido zai mutu. Wani ya kawo mai ƙyalli kamar madubi, Malama ta ce taga na bayan teburinta, fuskarta za ta riƙa gani maimakon gona. Muka ɗauki mai inci talatin da huɗu, wanda ba ya ƙyalli, rubutu tar-tar, kuma ba ya shan wutar sola. Amma Malam Sabo, in ni zan yi satar nan, wallahi ba zan zubar da mutuncina a kan allo ba. Akwatin ƙarƙashin tebur ya fi shi tsada, kuma a hammata ake saka shi."

"Amma gonakin suna cikin allon."

Zaharaddeen ya ajiye sufana ya tuntsire da dariya.

"Wa ya gaya maka? Allo taga ce kawai. In ka cire tagar ɗaki, kayan ɗakin sun tafi? Komai na cikin akwatin. Ko wannan tsohon allon nawa na ɗaura mata, gonakinku za su fito. Wanda ya yi satar nan bai san kwamfuta ba ko kaɗan."

Sabo ya sake lissafi. Ashe ba ɓarawon sayarwa yake nema ba. Yana neman wanda ya ɗauka cewa in ya ɗauke allon ya ɗauke abin da ke cikinsa. Wata magana ta Malama ta so ta faɗo masa a rai, ya kore ta kamar ƙuda.

*

Ya koma ofis ya ce a ba shi kwalin da allon ya zo a ciki. Ya yanki kara daidai faɗinsa. Abu mai wannan faɗi ba ya shiga hammata, ba ya shiga buhu, kuma ba a ratsa gari da shi mata na leƙe ta katanga. Sai dai a aza shi a ka, a riƙe gefe da gefe, a shiga dawa.

Ya ɗora karan a kansa ya shiga tsakanin kunyoyi, idonsa a ƙasa kamar kullum. Bai yi taku biyar ba karan ya sarƙe a ganye. Ya ɗaga kai don ya warware shi, sai ya tsaya cak.

Sawun na nan, a sama. Ganyen dawa a yage hagu da dama, farin garin nan na jikin kara a goge, layi biyu sun miƙe cikin gona, tsakaninsu daidai faɗin karan da ke hannunsa. Shekara ashirin da biyar yana wannan aiki, bai taɓa bin sawu da kai a ɗage ba sai yau.

Ya auna tsayin shaidar. Ta fi kansa da kusan taƙi guda, Ɗanladi kuwa ko kunnen Sabo bai kai ba. Ya ci gaba, sai ya lura layin hagu ba ya tafiya daidai: ya yi ƙasa, ya hau, ya yi ƙasa, ya hau, kowane taku biyu. Mai kayan yana ɗingishi da ƙafar hagu.

Ya durƙusa ya sake duba ƙasa, yanzu da ya san inda zai duba. Ciyawar gefen kunya a kwance take kaɗan-kaɗan, ga zaren buhu ɗaya maƙale a ƙaya. An naɗe ƙafa da buhu an taka ciyawa kawai. Mutum ɗaya ne ya taɓa nuna masa wannan dabara, yana ɗan shekara goma sha biyar, ya ce masa ta tsofaffin ɓarayin shanu ce kuma yanzu babu wanda ya san ta sai su biyu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya faɗa a fili, ba kowa sai dawa.

Ya so ya juya, Allah ya sani. Amma ƙafa ta saba, ta kai shi har ƙarshen layin, bakin wata tsohuwar rijiya da aka daina sha. Ya leƙa. Can ƙasa, kusurwar baƙin abu ta ɗan fito daga ruwa.

Ya zauna a bakin rijiyar ya fi awa guda. In ya yi shiru, ba mai ɗaga kai a gonar dawa, gobe a tafi da Ɗanladi, jibi a ƙone rumbunansa. In ya yi magana, da bakinsa zai tozarta mutumin da ya ciyar da shi. Ana zaton wuta a maƙera, ga ta a masaƙa, kuma masaƙar ta gidansu ce. Ya yi kuka, ba ya jin nauyin faɗa, sannan ya wanke fuska ya nufi gidan Zaharaddeen.

*

Hantsin Lahadi ƙofar Dagaci ta cika. Aka fito da Ɗanladi aka zaunar a gefe. Baba Almustapha na kan buzunsa cikin dattawa, sanda a kan cinya. Zaharaddeen ya shigo da tebur da batir, Malama Sakinatu na biye da baƙin akwatin, aka ɗora wani tsohon allo mai tsage a kusurwa.

"Sabo, ina ɓarawon?" in ji Dagaci.

"Ranka ya daɗe, a fara yin aikin da aka fasa jiya. A nuna gonakin yamma."

Aka yi ta gunaguni. Wani ya ce wannan wasa da hankali ne. Sabo bai dubi kowa ba sai mutum ɗaya, wanda ya ga ya yi murmushin tausayi, irin na babba in yaro ya yi wauta.

Malama ta danna. Allon ya yi haske, ga rafi, ga hanyar shanu, ga gonakin yamma a shimfiɗe.

Murmushin ya ɓace. Baba Almustapha ya miƙe tsaye ba tare da sanda ba, abin da aka shekara ba a gani ba.

"Wannan ƙarya ce! Ta ina suka fito? Ai suna cikin rijiya!"

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Tsohon ya dubi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya koma ya zauna a hankali.

"Wace rijiya, Alhaji?" in ji Dagaci.

Sabo ne ya ba da labarin layi biyun da ke jikin dawa, da tsayinsu, da ɗingishin, da zaren buhu. Bai ɗaga murya ba, bai kuma kalli kowa ba.

Allon ƙarami ne, dole Malama ta riƙa rufe hoto tana buɗe wani, dattawa na matsowa ɗaya-ɗaya suna kanne ido. Amma abin bai ɓuya ba. A hoton shekara goma, itacen ɗorawa na tsakiyar gonar Ɗanladi. A na bana, ɗorawar na cikin gonar maƙwabcinsa Almustapha, layin gambar iyaka ya tsallake ta. Kunya ɗaya Almustapha ke ci daga gonar Ɗanladi kowace damina, a gonar daji da ba mai zuwa, kuma ranar da aka yi zaman ƙorafi, maganar Almustapha ce dattawa suka ɗauka, don wa zai ƙaryata mutumin da ke kama wa gari ɓarayi?

Salati ya ɓarke ta ko'ina. Matasan da suka yi zancen wuta suka sunkuyar da kai, wasu suka sulale. Dagaci ya cire tabarau ya mayar ya fi sau uku. Ya yanke cewa a mayar da gamba inda take a yau ɗin nan, a gaban kowa, Almustapha ya sayo wa ƙungiya allo irin wanda ya jefar, sauran magana kuma sai dattawa sun zauna. Sannan ya juya ya ba Ɗanladi haƙuri da bakinsa.

Ɗanladi ya miƙe ya kakkaɓe wando. Bai yi murna ba, bai yi zagi ba.

"Shekara shida," ya ce. "Ashe ba burkutu ba ne."

Ya wuce ta tsakiyar taron, aka dare masa hanya.

Da mutane suka ragu, Sabo ya ɗauki sandar da ta faɗi ya kai wa tsohon. Ya durƙusa kamar yadda ya saba tun yana yaro. Baba Almustapha ya daɗe yana kallonsa, idanunsa sun kaɗa.

"Ban bar komai a ƙasa ba. Na duba da kaina, sau biyu."

"Ba ka bari ba, Baba."

"To, ta ina?"

"Ta sama. Abin ya yi faɗi, ya yi ta shafar dawa."

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali, kamar malamin da aka kawo masa karatun da bai taɓa ji ba.

"Ban koya maka duba sama ba."

"Ba ka koya min ba. Amma kai ka ce min in sawu ya shiga gidanmu ma kada in tsaya a ƙofa."

Baba Almustapha ya karɓi sandar ya miƙe da ƙyar. Sabo ya miƙa hannu zai tallafe shi, ya kauce. Ya kama hanyar gida shi kaɗai, Sabo na tsaye yana kallon sawunsa a ƙasa, dama cikakke, hagu a ja, har ya sha kwana. A karo na farko a rayuwarsa ya ga sawu a fili bai bi ba.